Makaho da Zarton Inji: Ina Iyakar Tausayi?

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce, "aikin banza, makaho da waiwaye." Sun kuma ce, "gani ya kori ji." Duk wanda ya tashi cikin Hausawa ya sha waɗannan maganganu tun yana goye, har sun zauna masa a zuciya tamkar hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Saboda haka idan aka ce wa Bahaushe ga wani makaho can yana neman a miƙa masa zarton inji ya yanka itace, ba zai tsaya wani dogon nazari ba. Ko dai ya tuntsire da dariya, ko kuwa ya yi salati ya ce a yi maza a ƙwace tun ba a yi ɓarna ba. Mu kanmu haka muka yi ranar da maganar ta fara iske mu, kuma kunyar wannan gaggawa ce ta haifar da wannan maƙala.

Tambayar da za mu yi ƙoƙarin warwarewa ita ce: shin mai ido yana da ikon hana makaho baligi, mai cikakken hankali, yin sana'a mai haɗari da sunan tausaya masa? Idan yana da ikon, daga ina ya fara, a ina kuma ya tsaya? Mun ɗauki zarton inji a matsayin ma'auni ne domin da wuya a sami makamin aikin hannu da ya fi shi saurin raunata mai riƙe da shi. Idan muka gano gaskiyar lamari a kan zarto, to maganar wuƙar mahauci da gudumar maƙeri za ta zo mana da sauƙi.

Yadda Maganar ta Taso

A wata unguwa ta garin Lafiya, wajen hanyar Doma, muna da wani maƙwabci wanda za mu sakaya sunansa mu kira shi Mai Zarto. Shekara ashirin da 'yan kai ya yi yana shiga dazuzzukan Doma da Awe da injinsa a kafaɗa, yana kayar da maɗaci da maje ga masu sayar da katako, yana datsa kirya ga masu ƙona gawayi. Da wannan sana'a ya gina gida, ya yi aure, ya sa 'ya'yansa a makaranta. Sannu a hankali sai ganinsa ya fara tsukewa daga gefe, kamar ana tura ƙyauren taga. Kafin ya je asibiti likita ya shaida masa cewa ciwon gilakoma ne, jijiyar idon ta riga ta mutu, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Shekara biyu ya yi a zaure, yana sauraren wucewar mutane. Ran nan da hantsi sai ya lalubo injinsa, ya goge shi, ya wasa haƙoran sarƙar da hannunsa, ya zuba mai, ya tayar, ya datsa wani tsohon gungume da ke yashe a bayan gida. Ƙarar ta fito da mutanen gidan a guje. Yayansa, wanda shi ne babba a gidan, ya jira aka kashe injin, ya ɗauke shi ya kai ɗakinsa ya sa kwaɗo. Da rigimar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa sai suka kawo mana ita, wai don mu 'yan boko ne.

Yayan ya ce, "Malam, kai ka yi karatu mai zurfi, ka gaya wa ƙanen nan nawa gaskiya. In ya datse ƙafarsa wa za a zaga? Ni za a ce na zuba ido ina kallo."

Mai Zarto ya juyo da fuskarsa wajen muryar ya ce, "Yaya, ido na rasa, hannuna yana nan. Injin nan ko a barci na san muryarsa. To ka hana ni, na ji. Me ka ba ni a madadinsa? Ƙoƙon bara?"

Mu kuwa sai muka ba shi haƙuri, muka ce Yaya ya fi shi gaskiya, rigakafi ya fi magani. Ya yi shiru, ɗansa ya kama masa sanda suka fita. Amma tambayar nan tasa ta ƙi barin mu, domin mun lura cewa mun yanke hukunci ba tare da mun san komai game da zarto ba, kuma ba mu tambayi mutumin da ya fi kowa saninsa a cikinmu ko kalma ɗaya ba.

Mene ne Haɗarin Zarto?

Kafin a yi hukunci a kan abu, wajibi ne a san abin. Wani Bajamushe mai suna Andreas Stihl ya fito da zarton sarƙa mai aiki da lantarki a 1926, sannan mai aiki da fetur a 1929. Zartunan farko saboda nauyinsu mutum biyu ke riƙe su, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka sami wanda mutum ɗaya zai iya ɗauka. Sarƙar zarton fetur tana gudun kimanin mita 20 a sakan ɗaya, wato fiye da kilomita 70 a awa, kuma ba ta bambanta itace da ƙashi. Ƙararsa ta haura desibel 100, alhali masana lafiya sun tabbatar cewa daɗewa cikin ƙarar da ta wuce desibel 85 yana lalata ji.

Babban haɗarinsa shi ne abin da za mu kira tutsu, irin na doki. Idan sashen sama na hancin zarton ya taɓa wani abu, ko dutse, ko ƙusa, ko wani gungumen da ke bayan wanda ake yanka, ko kuma itacen ya matse sarƙar, sai zarton ya yi tsalle sama ya dawo wa mai riƙe da shi a fuska ko kafaɗa. Wannan yana faruwa ne cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. A nan akwai abin lura mai muhimmanci. Da zarar zarto ya yi tutsu, ido ba ya ceton kowa, domin kafin ido ya kai wa ƙwaƙwalwa labari aikin gama ya gama. Abin da ke ceton mutum shi ne riƙo da hannu biyu, babban yatsan hagu a naɗe da mariƙin gaba, da tsayuwa a gefen layin yanka, da ƙin ɗaga zarto sama da kafaɗa, da kuma birkin sarƙa, wanda ke tsayar da ita nan take. Aikin ido yana zuwa ne tun kafin a fara, wato duba abin da hancin zarton zai iya taɓawa. Wannan duba kuwa, idan gungume yana kwance a wuri ɗaya kuma inji yana kashe, hannu yana iya yin sa, wani lokaci ma fiye da ido, domin yatsa yana jin kan ƙusar da ɓawo ya rufe.

Sai dai akwai wani ɓangaren da ba ya goyon bayan makaho. Idon makaho kunnensa ne. Da kunne yake sanin an shigo, da kunne yake auna nisan bango da motsin dabba. Zarton fetur kuwa yana haɗiye kowane sauti, kuma abin toshe kunne da ya wajaba a sa yana ƙara rufe sauran. Ke nan muddin inji yana ruri, makaho ya rasa ƙofa biyu a lokaci guda. Idan yaro ya sheƙo a guje ta bayansa, ba zai gan shi ba, ba kuma zai ji shi ba. Zartunan batir na zamani sun rage wannan matsala, tunda ƙararsu ba ta kai ta fetur ba kuma suna yin tsit da an saki kunama, amma ba su kawar da ita ba.

Haka kuma aikin zarto kashi biyu ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu mai faɗi ce. Akwai datsa gungumen da aka riga aka kayar, akwai kuma kayar da bishiyar da ke tsaye. Mai kayar da bishiya dole ya san inda ta karkata, ya hangi busassun rassan da ke iya faɗo masa, ya lura da iska da wayar lantarki, ya tabbatar babu kowa a cikin tazarar da ta kai tsawon bishiyar sau biyu, ya kuma shirya hanyar da zai ja da baya idan ta fara faɗuwa. Duk waɗannan abubuwa suna faruwa ne can sama ko can nesa. Hannu kuwa iyakar ganinsa iyakar tsawonsa.

Hujjar Mai Hani

Ba adalci ba ne mu mayar da Yayan Mai Zarto azzalumi. Hujjarsa tana da ƙarfi ta fuska uku. Ta farko, rai amana ne, kuma addini da al'ada duk sun hana mutum jefa kansa ga halaka, sun kuma ɗora wa na kusa da shi nauyin riƙe shi idan ya nufi ramin. Ta biyu, a zamanmu na Hausa babu raunin mutum ɗaya. Idan Mai Zarto ya yanke, Yaya ne zai sayar da buhun riɗi ya biya asibiti, uwargida ce za ta kwana jinya, yara ne za su bar makaranta. Wanda zai biya kuɗin ɓarna yana da bakin magana tun kafin a yi ta. Ta uku, gidan cike yake da ƙananan yara da awaki, kuma su ba su zaɓi shiga haɗarin ba.

Akwai kuma hujja ta huɗu wadda Yayan ya furta da bakinsa ba tare da ya lura da nauyinta ba: "Wa za a zaga?" Wannan ita ce ta fi kowace tasiri a zukatanmu, ita ce kuma ta fi kowace rauni. Tsoron bakin duniya ba kare makaho yake yi ba, sunan mai ido yake karewa. Sau da yawa idan muka tono abin da muke kira tausayi, za mu tarar da wannan tsoro kwance a ƙarƙashinsa. Jinin da zarto zai zubar kowa zai gani, a yi ta magana. Amma mutuwar zuciyar magidancin da aka ajiye a zaure shekara da shekaru ba ta da ƙara, babu kuma wanda ake tuhuma a kanta. Don haka muke zaɓen cutar da ba a gani, mu kwanta da zaton mun yi alheri.

Hujjar Makaho

Abu na farko da ya kamata mu tambayi kanmu shi ne: da gaske haɗari muke gudu? Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake yankan itace a ƙasar nan ya ga masu ido garau suna aiki da silifas, babu hular kwano, babu safar hannu, babu wandon kariya mai zaren da ke shaƙe sarƙa, wani ma birkin zartonsa ya daɗe da karyewa. Mukan wuce su mu ce sannu da aiki. Ba mu taɓa jin an kulle wa ɗayansu inji a ɗaki ba. Idan mai ido ya yanke sai mu ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Idan makaho ya yanke sai mu ce ganganci ne. Ashe ke nan mudu biyu muke awo da shi.

Abu na biyu, an gwada wannan lamari a wasu wurare an ga sakamakonsa. A jihar Iowa ta Amurka, wani makaho mai suna Kenneth Jernigan ya shugabanci hukumar kula da makafi daga 1958 zuwa 1978. Ra'ayinsa shi ne, idan aka sami horo na ƙwarai da damar aiki, makanta takan ragu ta koma matsalar jiki da ake iya zama da ita, kuma abin da ya fi naƙasa makaho shi ne ƙarancin abin da jama'a ke tsammani daga gare shi. A cibiyar horon da ya kafa, ɗalibai suna shiga ɗakin kafinta su yi aiki da injinan yanka katako masu lantarki, kuma wanda ke da sauran gani ana ɗaure masa ido domin ya koyi dogara da hannu da tsari. Suna awo da wani ma'auni mai ƙara, wanda ake ƙirga tsawo da ƙas-ƙas ɗinsa. Cibiyoyin da suka biyo baya, irin ta Louisiana da aka buɗe a 1985, sun ɗauki wannan hanya. Manufar ba wai kowane makaho ya zama kafinta ba ce. Sun lura cewa wanda ya sarrafa abin da duniya ta rantse ba zai iya ba, sauran al'amuran rayuwa sukan daina ba shi tsoro. Gaskiya ne injin da ke kafe a kan tebur ya fi zarton sarƙa sauƙin sarrafawa, amma darasin yana nan: tsari da horo suna ɗaukar kaso mai yawa na aikin da muke zaton ido kaɗai ke yi.

Abu na uku yana cikin tarihinmu. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, shi ne wanda farkon Suratu Abasa ya sauka a kansa. Ya yi ladanci a Madina, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin sa a matsayin wakili a birnin idan zai yi tafiya. Shari'a ta ɗauke wa makaho wajibcin fita yaƙi, amma duk da haka masana tarihi da dama sun ruwaito cewa ya halarci yaƙin Ƙadisiyya yana riƙe da tuta. Abin da za mu fahimta a nan shi ne, uzuri rangwame ne da aka ba mai shi, yana iya karɓa yana iya bari. Mu ne muka ɗauki rangwamen muka mayar da shi takunkumi.

A ƙasar Hausa ma makafi ba su taɓa zama marasa tsari ba. Suna da Sarkin Makafi a masarautu, an kuma san su da tufkar igiya. Mu da ke koyar da adabi kowace shekara muna karantar da Waƙar Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya makance tun yana ƙaramin yaro, ya rayu daga 1894 zuwa 1990, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Amma mu duba da kyau. Mun yarda makaho ya yi waƙa, ya yi haddar Alƙur'ani, ya tufka igiya, ya yi bara. Duk waɗannan ayyuka ne da ba sa tayar wa mai ido hankali. Da zarar ya miƙa hannu ga ƙarfe sai mu ce ya wuce gona da iri. Wa ya shata wannan gonar? Ba makafi suka shata ta ba.

Inda Iyakar Take

Wani masanin falsafa na Ingila, John Stuart Mill, a littafinsa kan 'yancin ɗan'adam wanda ya fito a 1859, ya kafa ƙa'idar cewa ba a tilasta wa baligi mai hankali barin wani abu sai domin kare wasu daga cutarsa. Amfanin kansa kaɗai bai isa hujjar tilasta masa ba. Ya kawo misalin mutumin da ke shirin hawa gadar da aka san ta lalace. Idan babu lokacin yi masa gargaɗi, halal ne a fizgo shi, domin ba faɗawa kogi yake so ba. Amma idan haɗarin mai yiwuwa ne kawai, ba tabbatacce ba, kuma an sanar da shi, to shi kaɗai ya san ko dalilin tafiyarsa ya kai ya ɗauki kasadar.

Idan muka ɗora wannan misali a kan gidan maƙwabcinmu, za mu ga Yayan ya yi daidai a safiyar farko. Ya ji ƙarar inji a gidan da ke da yara, bai san wane shiri ƙanensa ya yi ba, sai ya ɗauke. Wannan fizgowa ce daga bakin gada. Kuskurensa ya fara ne washegari, lokacin da ya bar kwaɗon a rufe ba tare da ya zauna ya tambayi ƙanensa yadda yake nufin yin aikin ba. Fizgowa ta ɗan lokaci ce, domin a sami damar magana. Idan ta zarce ta zama ɗauri.

Sai dai ba za mu ɗauki ra'ayin Mill ɗungurungum ba, domin mutumin da yake magana a kansa kamar shi kaɗai yake a duniya, namu kuwa yana da gida a wuyansa. Abin da muke gani shi ne, haƙƙin iyali a wannan lamari haƙƙin shawara ne da gindaya sharaɗi. Suna iya cewa sai an gyara birki, sai an sayi kayan kariya, sai an killace wuri. Ba su da ikon cewa har abada. Shi kuma makahon, 'yancinsa na ɗaukar kasada ya tsaya ne daidai inda jikin wani ya fara. Yana da ikon ya sa ƙafarsa a haɗarin da ya sani ya kuma yarda da shi, kamar yadda mai haƙar rijiya da mai hawan giginya suke yi kullum. Ba shi da ikon sa ƙafar jikansa. Saboda haka datsa gungume a killataccen wuri yana cikin haƙƙinsa, kayar da bishiya a tsakiyar unguwa kuwa ba ya ciki. Dalilin hanin a nan shi ne wannan aikin yana buƙatar hangen nesa, kuma da mai ido ne ya sha abin maye ko ya zo aikin da dare, hanin ɗaya ne.

Kada kuma a ɗauka buƙatar mataimaki tana rage darajar aikin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mun ambata cewa zarto da mutum biyu ya fara, kuma har gobe ƙa'idar aikin ta hana ko mai ido shiga daji shi kaɗai da shi. Ɗan jagoran da ke jan makaho zuwa bara, da yaron da ke tsare masa ƙofa yana aiki, duk taimako suke yi. Bambancin shi ne na biyun yana ganin mahaifinsa yana ciyar da gida.

Ba Maganar Mutum Ɗaya Ba Ce

Binciken da aka gudanar a faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa kashi 4.2 cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato mutum fiye da miliyan ɗaya, kuma kashi 84 cikin ɗari na wannan makanta ana iya kauce mata ko magance ta. Yanar ido ce kan gaba da kashi 43, gilakoma na biye da kimanin kashi 17. A yankinmu kuma akwai makantar da baƙin ƙudan bakin kogi ke yaɗawa, wadda bayan shekaru ana rabon maganin Mectizan da taimakon Cibiyar Carter, aka sanar a 2018 cewa an katse yaɗuwarta a jihohin Nasarawa da Filato. Ma'anar waɗannan alƙaluma ita ce, ɗimbin makafinmu da girmansu suka makance. Manoma ne da magina da mahauta da masu zarto, sana'arsu tana hannunsu ranar da idon ya tafi.

An yi ƙoƙari ta fuskar ilimi da doka. Tun 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri, a jihar Filato wadda Lafiya ke cikinta kafin a ƙirƙiro Nasarawa ranar 1 ga Oktoba, 1996. A nan Lafiya, gwamnatin Umaru Tanko Al-Makura, wanda shi kansa yana da lalurar ji, ta gina makarantar masu buƙata ta musamman da aka buɗe a 2018. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Duk wannan abin yabo ne. Amma makaranta ta yara ce, gurbin ofis kuma na mai takarda ne. Hukuncin da ke yanke rayuwar magidanci irin Mai Zarto ba a majalisa ake yin sa ba. A zaure ake yin sa, a bakin yaya da kawu da maƙwabci ɗan boko.

Kammalawa

Bayan mako biyu mun koma gidan, mun nemi afuwar Mai Zarto, muka roƙe shi ya bayyana mana a gaban Yayansa yadda zai yi aikin. Ya zayyana shi dalla-dalla, kamar wanda ya daɗe yana bitarsa a zuci. Kangon bayan gida za a sa wa ƙyaure, kuma babu mai shiga muddin inji yana ruri. Kafinta zai haɗa masa abin ɗora itace mai ƙafa huɗu, a ɗaure gungume a kai. Zai shafa gungumen da abin da ke bayansa da ƙasan da zai tsaya, duk inji yana kashe. Yanka ɗaya, ya sa birki, ya kashe, sannan hannunsa ya sake taɓa itace. Babban ɗansa zai tsaya a ƙofa. Yayan ya ƙara nasa sharaɗin, cewa sai makaniki ya duba birkin, sai kuma an sayo takalmi mai ƙarfe a baki da wandon kariya da hular kwano mai marufin fuska. A kan haka aka buɗe kwaɗon.

Ba mu kawo wannan labari don mu ce kowane makaho ya je ya ɗauki zarto ba. Wanda bai taɓa riƙe shi ba, mai ido ne ko makaho, ba ya kusantarsa sai da horo a hannun gwani, kuma ga mutane da yawa zarton hannu ya wadatar. Ba kuma za mu rantse cewa maƙwabcinmu ba zai taɓa yankewa ba. Wannan rantsuwa ko a kan mai ido babu mai iya yin ta. Abin da muke kira gare shi shi ne, kafin mu ce wa naƙasasshe ba za ka iya ba, mu tambaye shi yaya za ka yi, mu kuma saurari amsar har ƙarshenta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan kuma bayan sauraro hani ya zama dole, to mai hanin ya san ya ci bashi, sai ya kawo abin da zai maye gurbin abin da ya hana.

Kwanan baya wani attajirin unguwa ya zo ya yi masa tayin kuɗi mai kauri ya kayar masa da wani mangwaro da ya karkata kan katangar maƙwabta. Muna zaune a wurin. Mai Zarto ya ce, "Alhaji, wannan ba aikina ba ne, nemi mai ido. In an kayar a turo mini gumaguman." Yayansa, wanda har yanzu gabansa ke faɗuwa duk lokacin da injin ya tashi, bai ce uffan ba. Amma ran da yaron ya tafi makaranta, shi ne ke jawo kujera ya zauna a bakin ƙyauren, yana korar awaki.